Akwatin Ya Tsahiru

Akwatin ƙarfe ne, shuɗi, a ƙarƙashin gadona,
kwaɗonsa ya yi tsatsa tun bara waccan.
Na Ya Tsahiru ne.
Shekara goma sha shida yana ba da hayar kaset
a bakin Kasuwar Dole,
dala ashirin kwana guda,
in ka ƙara kwana, ka zo da hujja ko ka zo da goro.

Ranar rabon gado Mutari ya ja babur,
mai ɗakinsa ta ɗauki firiji,
ni aka turo mini akwatin da ƙafa,
wai ni ne mai son tarkace.

Ƴata Fasuma ba ta san fim yana da nauyi ba.
Nata a waya yake, ba ƙura, ba ƙamshi.
Takan zuba jaka biyu a wata,
ta haye dutsen bayan gida inda rezo ke sauka,
ta zauna har sauro ya kore ta.

Daren Laraba ta shigo a murtuke:
Baba, sun cire shi, saura kashi uku in gama.
Na ce, su wa?
Ta ɗaga kafaɗa. Su dai.
Kuɗinki fa?
Ta ce, na kallo na biya, ba na riƙo ba.

Sai bakina ya buɗe.
Na ce, zanen aro dama ba ya rufe katara.
Na jawo akwatin har tsakar gida,
na ce, ga namu,
ba wanda zai zauna a wata ƙasa
ya miƙo hannu cikin dare ya ɗauke.

Na fasa kwaɗon.
Gara ta riga ni, ta cinye fuskokin jarumai.
Zafin bazara ya manne zaren goma sha ɗaya.
Injin kuwa ya haɗiye ta farko, ya ƙi amayarwa.
Fasuma ba ta yi dariya ba,
abin da ya fi dariyar ciwo ke nan.

Haladu mai gyara a Zango ya riƙe shi kwana huɗu,
ya ciro roba daga cikin mataccen rediyo,
ya ce, ya tashi, amma kada ka ba shi wuya, tsoho ne.
Muka dawo, aka ɗauke wuta.
Muka jira har bayan lisha.

Da farko yayyafi ne a fuskar tele,
sai ga mutum biyu da takubba a kan gada,
maganarsu tana rawa kamar ta mai zazzaɓi.
An ɗaga takobi ke nan za a sara,
hoton ya yanke.

Tsakar gidanmu. Rago a ɗaure jikin darbejiya.
Mata da ƙwarya, hayaƙi, wanzami yana wasa aska.
Sai murya daga bayan kamara:
Ku matsa mana, ku bar ni in ga Fasuman nan.

Ashe ranar ba shi da kaset fanko,
ya hau kan ƙarshen fim ɗin da ya fi kawo masa ciniki.

Ba mu san wa ya faɗi daga gadar ba.
Ita ma ba ta san yadda nata ya ƙare ba.
Ta ɗaga waya tana ɗaukar fuskar telen,
hannunta yana ɗan rawa,
ni kuma ina lissafin wanne zai riga mutuwa,
zaren nan ko wayar, ko mai lissafin.

A ƙasan akwatin akwai littafin haya,
sunaye da jan biro, rabinsu ba su mai da ba.
Ta sami layin da ba kowa,
ta rubuta: Fasuma, kwana ɗaya.
Ta sa kaset ɗin a hammata ta shige ɗaki.

Yau kwana tara.
Ban ga hujja ba, ban ga goro ba.